Fibroskopi, Ekografi, Hoton Baryum ko Gwajin Ƙwayar Cuta: Wanne Ya Dace da Mai Ciwon Ƙahon Zuci?

Duk wanda ya daɗe yana fama da zafi a ƙahon zuci ya san yadda al'amarin yake tafiya a garuruwanmu. Ana farawa da jiƙa kanwa a sha bayan cin abinci, idan abin ya ƙi sai a koma ga ƙwayoyin omeprazol da ake saye a farmasi ko a hannun masu tallar magani, sannan bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da jiki ya fara nuna gajiya, a nufi asibiti. A nan ne likita yakan miƙo takarda mai ɗauke da haruffa huɗu, FOGD, ya ce a je a yi fibroskopi. Daga Ngaundere zuwa Garwa da Marwa da Kuseri, har tsallaken gada a Injamena, wannan kalma tana tayar wa mutane da hankali, domin abin da suka ji kawai shi ne za a zura musu tiyo ta baki har cikin tumbi. Sai majiyyaci ya shiga neman mafita: ko a yi masa ekografi tunda ba ta da wahala, ko a ɗauki hoto bayan ya sha farin ruwan nan mai kauri, ko kuwa a gwada jininsa a ba shi magani ya koma gida. Hanyoyin nan huɗu duk suna da gurbinsu a aikin likita, amma kowace da tambayar da take amsawa, kuma wanda ya biya kuɗin wadda ba ta dace da ciwonsa ba zai koma gida da takarda mai cewa lafiya lau, alhali ciwon yana nan inda yake.

Fibroskopi, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya suka fi sani da endoskopi, leƙe ne da ido. Na'urar tiyo ce mai lanƙwasuwa, kaurinta kamar na ƙaramin yatsa, wato milimita 9 zuwa 10, tsawon abin da ke shiga jiki kuwa ya ɗan haura mita ɗaya. A bakinta akwai fitila da kyamara, a cikinta kuma akwai siraran kafofi da ake hura iska ta cikinsu don tumbi ya buɗe, ake zuƙe ruwa, ake kuma zura ƙananan kayan aiki. Likita yana bi da ita ta hanyar abinci, wadda tsawonta a jikin baligi ya kai kimanin santimita 25, ya shiga tumbi ya dudduba kowane lungu, har ya lanƙwasa kan na'urar ya waiwayi ƙofar da ya shigo ta cikinta, sannan ya wuce zuwa farkon ƙaramin hanji, wanda likitoci ke kira diyodenum. Idan dubawa ce kawai, minti 5 zuwa 15 sun isa.

Tsoron da ake yi mata yana da asali, domin na'urorin farko sandunan ƙarfe ne miƙaƙƙu. A 1868 wani likitan Jamus mai suna Adolf Kussmaul sai da ya nemo mai wasan haɗiye takobi kafin ya iya gwada tasa. Mai lanƙwasuwar ta zo a 1957 ta hannun Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Jami'ar Mishigan ta Amurka, wanda ya fara haɗiye ta da kansa kafin ya sa wa wani. Zaren gilashin da ke ɗauko hoto a cikin waccan na'ura shi ne ya ba ta sunan fibroskopi, kuma sunan ya zauna a bakin masu Faransanci ko da yake a na'urorin yanzu kyamarar bidiyo ce ke aika hoton zuwa allo.

Abin da ya ɗaga wannan hanya sama da sauran ukun shi ne cewa tana haɗa gani da ɗiba da gyara a zama ɗaya. Likita yana ganin launin fatar cikin tumbi, ko ta yi ja ko ta koɗe, yana ganin gyambo ko da bai kai ƙwayar wake ba, yana kuma ganin bakin gyambon, ko sumul yake ko kuwa ya yi tudu-tudu irin wanda ke sa zargin sankara. Idan ya ga abin da bai yarda da shi ba, sai ya zura ɗan matsi ya tsinko nama kamar ƙwayar gero, abin da ake kira biyopsi, kuma majiyyaci ba ya jin zafin tsinkar domin fatar cikin tumbi ba ta jin yanka kamar fatar waje. Idan kuwa ya tarar da jini yana zuba, yana iya tsayar da shi nan take da allura ko ƙaramin maƙalin ƙarfe ko zoben roba, gwargwadon kayan da wurin yake da su. Da ita ake ciro kuɗin ƙarfe da yaro ya haɗiye, da ƙayar kifi da ta maƙale, da ita kuma ake buɗa hanyar abinci idan ta tsuke.

Ekografi ita ce mutane suka fi so, kuma ba abin mamaki ba ne: tana nan kusan a kowane babban gari, ba ta da zafi, mata sun saba da ita tun daga awon ciki, kuma kuɗinta bai kai na fibroskopi ba. Sai dai tana aiki ne da sauti, sautin kuwa ba ya ratsa iska, tumbi da hanji kuma ba sa rabuwa da iska. Saboda haka mai ekografi yana iya ganin hanta da saifa da ƙoda da jakar matsarmama sarai, amma ba ya ganin gyambon da ke cikin tumbi. Akwai wani dattijo a danginmu da aka yi wa ekografi sau uku a garuruwa biyu, kowane lokaci takarda ta fito ba matsala, har iyalinsa suka fara raɗe-raɗin ko sammu ne. Da ƙyar ɗansa ya shawo kansa, yana ce masa, "Baba, hoton nan bayan tumbi yake gani, a bari a leƙa cikinsa." Da aka leƙa, gyambo ne a farkon hanji, wanda maganin mako biyu da wasu makonni na omeprazol suka warkar. Wannan bai rage wa ekografi daraja ba a inda take da iko. Idan ciwon ya fi ƙarfi a ɓangaren dama ƙarƙashin haƙarƙari, yana tasowa bayan cin abu mai maiƙo, yana harbawa zuwa baya ko kafaɗa, ko kuma idanu sun yi rawaya, to zargi ya koma kan tsakuwar matsarmama ko hanta, kuma a nan ekografi ce ta kamata ta zo farko, fibroskopi ba za ta ga tsakuwar ba.

Hoton baryum, wanda ake rubutawa TOGD a takardar likita, shi ne hanyar da iyayenmu suka sani kafin na'urar leƙe ta yaɗu. Majiyyaci yana shan farin ruwa mai kauri kamar kunun alli, ruwan ya lulluɓe bangon hanyar abinci da tumbi, a riƙa ɗaukar hoton radiyo yana jujjuyawa. Abin da ke fitowa inuwa ce, kuma inuwa tana nuna siffa amma ba ta nuna launi. Babban gyambo ko babban ƙari zai bayyana, amma ƙananan gyambuna da kumburin fata da sankarar da ba ta daɗe da somawa ba sukan kuɓuce, kuma ko an ga abin zargi ba a iya tsinko nama, dole a sake biyan kuɗin fibroskopi. Ba a yi wa mai juna biyu saboda hasken radiyo, ba a yi wa wanda ake zargin tumbinsa ya huje, kuma yin sa ga mai aman jini ɓarna ce tsantsa, domin baryum ɗin zai rufe wurin da likita yake bukatar gani idan aka zo leƙawa. Yana kuma sa taurin bayan gida na kwana ɗaya ko biyu idan ba a sha ruwa sosai ba. Duk da haka akwai inda ya fi na'urar leƙe amfani, wato idan hanyar abinci ta tsuke har tiyo ba ya iya wucewa, ana son a san tsawon tsukewar da abin da ke bayanta. Wannan yana faruwa ga yaran da suka sha ruwan sodar haɗa sabulu da aka ajiye a gorar ruwa, masifar da gidajen masu sana'ar sabulu suka sani. Yana kuma taimakawa wajen gane cutar da ke hana ƙofar tumbi sakin jiki, inda abinci ke taruwa a ƙirji. A ganina, idan fibroskopi tana samuwa, babu dalilin da mai ciwon ƙahon zuci zai zaɓi baryum don gudun tiyo kawai.

Hanya ta huɗu ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce ainihin kishiyar fibroskopi ga yawancin masu wannan ciwo. Har zuwa farkon shekarun 1980 likitocin duniya sun ɗauka cewa damuwa da yaji da yawan ruwan tsami na tumbi su ne ke kawo gyambon ciki. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka nuna cewa wata ƙwayar cuta mai suna helikobakta pilori ce ke bayan mafi yawansa. Marshall ma ya kwankwaɗi ruwan ƙwayar a 1984 don ya gamsar da masu musu, kuma an ba su kyautar Nobel a 2005. Tun 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankarar tumbi. Ana kamuwa da ita yawanci tun ana yara, a gidajen da ke da cunkoso da ƙarancin tsabtataccen ruwa, shi ya sa a Afirka fiye da rabin manya suna ɗauke da ita, ko da yake mafi yawansu ba za ta taɓa yi musu komai ba.

Daga nan aka samu tsarin da ake bi da matasa: a gwada ko ƙwayar tana nan, idan tana nan a kashe ta, idan ciwon ya tafi an huta ba tare da an leƙa ba. Maganin haɗi ne na omeprazol ko ɗan'uwansa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu ko uku, irin su amoksisilin da klaritromisin da metronidazol, wani lokaci da bismut, ana sha kwana 10 zuwa 14 ba tsallakewa. Ga saurayi ɗan shekara 28 da ke jin zafi idan yunwa ta kama shi, ya ji sauƙi idan ya ci abinci, bai rame ba, bai yi aman jini ba, wannan hanya ta fi araha, ta fi sauƙi, kuma ba ta da wani haɗari da ya wuce na maganin kansa.

Amma a nan akwai tarkon da ke cin kuɗin mutane da yawa, wato irin gwajin da ake yi. Gwajin jini, wanda shi ne ya fi yawa a ƙananan dakunan gwaji, yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ba ya nuna ko tana nan yanzu. Mutum zai sha magani ya kashe ta tas, ya koma bayan wata shida jini ya sake nuna alama, a sake rubuta masa magani, haka har sau uku ko huɗu, kuɗi na tafiya, ƙwayoyin cutar jikinsa kuma suna koyon jure magani. Gwajin bayan gida da gwajin numfashi su ne ke nuna ƙwaya mai rai, kuma da su ake tabbatar da cewa ta mutu, aƙalla mako huɗu bayan gama magani. Su ma suna da sharaɗi: a dakatar da omeprazol mako biyu kafin gwaji, a kuma tabbatar ba a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba cikin mako huɗu, in ba haka ba ƙwayar takan lafa gwaji ya ce babu. Wannan sharaɗi ya shafi wanda za a yi wa fibroskopi ma, domin a naman da aka tsinko ake neman ƙwayar, kuma omeprazol yana iya rufe fuskar gyambo har ya ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa. Likita ne zai faɗi ko a dakatar, musamman ga wanda ya taɓa zubar da jini.

Abin da ke raba gardama tsakanin wannan hanya da fibroskopi alamomi ne da likitoci ba sa wasa da su. Wanda abinci ke maƙale masa a ƙirji, musamman idan abin ya fara da nama da tuwo sannan ya kai ga kunu da ruwa, ba shi da zaɓi na biyu, leƙawa ce kawai. Haka wanda yake ramewa ba tare da ya rage ci da gangan ba, da wanda amai ya ƙi tsayawa, da wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa ba a san dalili ba, da wanda ake jin ƙullutu a cikinsa, da wanda mahaifi ko ɗan'uwa ya rasu da sankarar tumbi. Shekaru ma alama ce: ciwon da ya soma sabo bayan an manyanta ba a yi masa kallon na saurayi. A Amurka an sa iyakar a shekara 60, a Ingila 55, a wasu ƙasashen da sankarar tumbi ke kama mutane da wuri kuwa ana saukar da ita zuwa 45 ko 50. Sannan wanda ya sha cikakken magani yadda ya kamata amma ciwon ya ƙi tafiya ko ya dawo, shi ma lokacin leƙawa ya yi. Ga duk waɗannan, ci gaba da sayen omeprazol wata bayan wata jinkiri ne mai tsada, domin maganin yana kwantar da zafin sankara kamar yadda yake kwantar da na gyambo, har lokacin da tiyata za ta yi amfani ya wuce.

Zubar jini kuwa babi ne na gaggawa. Aman jini kowa ya san shi, amma mutane da yawa ba su san cewa amai mai kama da garin kofi, da bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari na daban, su ma jini ne da ruwan tumbi ya dafa ba. Ƙwayoyin ƙarin jini da bismut suna baƙanta bayan gida ba tare da jini ba, don haka a gaya wa likita idan ana shan su. Ƙa'ida ita ce a fara tsayar da majiyyaci da ruwa ko ƙarin jini, sannan a leƙa cikin awa 24. A yankinmu dalilai biyu ne ke kan gaba. Na farko magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da asfirin, waɗanda manoma da 'yan acaɓa da masu dako ke haɗiya da safe ba abinci a ciki, suna cinye kariyar bangon tumbi, kuma sau da yawa ba sa yin gargaɗi da zafi kafin jini ya ɓalle. Na biyu kumburarrun jijiyoyi a ƙasan hanyar abinci, waɗanda ke tasowa idan hanta ta taurare jini ya rasa hanyar wucewa. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a arewacin Kamaru da Cadi, yana kawo wannan. Haka ma nau'in tsargiyar da ke kama hanji da hanta, wanda ake samu a wuraren noman rani da kamun kifi kamar kewayen tafkin Lagdo a kan Binuwai. Mai irin wannan hanta yana bukatar hanyoyi biyu tare: ekografi ta nuna halin hanta da girman saifa, fibroskopi ta nuna jijiyoyin tun kafin su fashe, a ɗaure su da zoben roba a zama biyu ko uku ko fiye, makonni kaɗan tsakani, ko a sa shi a kan propranolol.

Wani abu da bai kamata a manta ba shi ne cewa zuciya ma tana kai kukanta ƙahon zuci. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da zafi ya taso masa farat ɗaya da gumi da ƙuncin numfashi, gwajin bugun zuciya yake bukata kafin kowane irin leƙe.

Idan an tsayar da shawara a kan fibroskopi, sai zaɓi na biyu ya taso: feshin maƙogwaro kawai, ko allurar da ke sa barci. Feshin maganin lidokayin ne mai ɗaci, yana kashe maƙogwaro cikin 'yan mintoci. Majiyyaci yana kwance a ɓangaren hagu, da ɗan roba tsakanin haƙora, idonsa biyu. Gaskiya ita ce wurin wucewar maƙogwaro ba shi da daɗi: akwai yunƙurin amai, da hawaye, da gyatsa mai ƙarfi saboda iskar da ake hurawa. Amma ba ya kai minti ɗaya kafin tiyo ya wuce, kuma tiyon yana bin hanyar abinci ne, hanyar numfashi a buɗe take, don haka tsoron shaƙewa da ke damun mutane ba shi da tushe. Wanda ya mai da hankali ga jan numfashi a hankali, ya bar yawu ya zuba ba tare da ƙoƙarin haɗiyewa ba, yakan gama lafiya. Ribar wannan hanya ita ce arha da saurin tashi: bayan kamar awa ɗaya, idan maƙogwaro ya farfaɗo, ana iya cin abinci, ana iya hawa babur, ana iya kama motar komawa gida ba ɗan rakiya.

Allurar kuwa iri biyu ce. Midazolam yana sa maye da mantuwa, mutum yana jin magana amma ba ya tuna abin da ya faru. Propofol yana sa barci sosai, kuma yana bukatar ma'aikacin sa barci a tsaye a kansa. Daɗinta a fili yake, likita ma yana samun natsuwar dubawa da kyau. Sai dai yawancin matsalolin da ake samu a fibroskopi daga allurar suke fitowa, wato raguwar numfashi da faɗuwar awon jini, musamman ga tsofaffi da masu ciwon zuciya ko huhu ko hanta. Saboda haka bai kamata a karɓe ta a wurin da babu na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa da tulun oksijin a kusa ba. Bayanta kuma awa 24 ba tuƙi, ba hawa babur, ba sa hannu a takardar ciniki, kuma dole a zo da wanda zai mai da mutum gida. Ra'ayina shi ne baligi mai ƙoshin lafiya da za a duba kawai ya gwada feshi. Allurar ta fi dacewa da yara, da wanda aka taɓa gwadawa ya kasa jurewa, da wanda za a yi wa aiki mai tsawo kamar ɗaure jijiyoyi ko buɗa hanyar abinci.

Haɗarin na'urar kanta kaɗan ne. Kaikayin maƙogwaro da kumburin ciki na yini ɗaya su ne aka saba gani. Hujewar hanyar abinci ko tumbi a leƙen dubawa kawai ba ta samun ko mutum ɗaya cikin dubu, amma tana ƙaruwa idan ana buɗa wurin da ya tsuke. Wanda ya koma gida ya ji ciwon ƙirji ko ciki mai tsanani, ko zazzaɓi, ko ya ga jini, ya koma asibiti a daren, kada ya jira safiya.

Zaɓin wuri ma yana da nauyi, domin likitocin wannan fanni ba su da yawa a arewa, kuma wanda ke zaune nesa da babban gari zai lissafa kuɗin mota da masauki da na ɗan rakiya a kan kuɗin aikin. Mutumin Kuseri ya fi kusa da Injamena fiye da Marwa, mutumin Ngaundere kuwa yana da jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Kafin a ɗaura niyyar tafiya, ya kamata a buga waya a yi tambayoyi, kuma babu rashin ladabi a cikinsu. Shin idan an ga abin zargi ana tsinko nama a wurin, kuma ina ake kai shi, kwana nawa sakamako ke ɗauka, kuɗinsa yana cikin na farko ko daban yake? Ɗakunan binciken nama kaɗan ne, sau da yawa sai an aika kudu, kuma fibroskopin da aka ga gyambon tumbi ba a ɗauki biyopsi ba rabin aiki ne. Mai ciwon hanta ya tambaya ko suna da zoben ɗaure jijiyoyi, don kada ya biya kuɗin gani a wuri ɗaya ya sake biyan na gyara a wani. Sai batun wanki, wanda ke damun mutane saboda ciwon hanta da ƙanjamau, kuma damuwar tana kan hanya. Ƙa'idar ita ce bayan kowane majiyyaci a wanke na'urar da burushi ciki da waje, a jiƙa ta a ruwan kashe ƙwayoyi irin su glutaraldehid na tsawon lokacin da aka ƙayyade, wanda yawanci minti 20 ne, a ɗauraye ta da ruwa mai tsabta a busar. Idan an bi wannan, kamuwa da cuta ta wannan hanya abu ne mai wuyar gaske. Wurin da na'ura ɗaya ce amma ana shigar da mutane ɗaya bayan ɗaya ba tazara, ya cancanci a yi masa tambaya.

Shirin ranar ba shi da yawa amma ba a sassauta shi. Awa shida aƙalla ba abinci, wasu wuraren sukan ce takwas, kuma kunu da madara da fura duk abinci ne. Ruwa zalla ana iya kurɓa har zuwa awa biyu kafin lokaci idan likita ya yarda. Dalilin shi ne tumbi mai abinci ba ya ganuwa, kuma abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya faɗa huhu. Mai ciwon suga ya nemi layin farko da safe, ya kuma tambayi yadda zai yi da allurarsa ko ƙwayoyinsa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko klopidogrel ya faɗa tun ranar karɓar lokaci, kada ya dakatar da kansa. Mai juna biyu ta faɗa, mai haƙoran roba ya cire. Game da watan azumi, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce na'urar leƙen tumbi ba ta karya azumi idan ba a shigar da ruwa ko wani abu tare da ita ba. Amma tunda a aikace ana shafa mata man santsi, ana fesa magani, ana kuma watsa ruwa don wanke kyamara, mai azumi ya tuntuɓi malaminsa, kuma mai aman jini ko maƙalewar abinci kada ya ɗage leƙen zuwa bayan salla.

Takardar sakamako takan fito a ranar, da Faransanci, kuma yana da kyau a sa likita ya fassara ta kafin a bar wurin, musamman wanda aka yi wa allura, domin zai manta abin da aka gaya masa. Ɗan rakiya ya saurara tare da shi. Mutane da yawa za a ce musu ba a ga komai ba, ko an ga ɗan ja kawai, kuma wannan ba asarar kuɗi ba ce: yana nufin ciwon na motsin tumbi ne da saurin jin zafinsa, ana lallaɓa shi da magani da gyaran ci, ba sai an yi ta maimaita leƙe ba. Idan an ga gyambo, a tambaya a ina yake. Na farkon hanji kusan ba ya zama sankara, kashe ƙwayar cutar da barin magungunan ciwon jiki sun wadatar. Na cikin tumbi kuwa ana so a sake leƙa shi bayan mako shida zuwa takwas na magani, ko da zafin ya tafi gaba ɗaya, don a tabbatar ya rufe, a kuma sake tsinko nama idan bai rufe ba. Wanda ya zo daga nesa ya sa kuɗin wannan dawowa cikin lissafinsa tun daga farko, ya karɓi lambar da zai kira don jin sakamakon biyopsi, ya kuma adana takardar da hotunanta a cikin kundin asibitinsa don likitan da zai gan shi nan gaba.